Jumla Uku, Ma'ana Uku: Inda Nahawu Ya Haɗu da Balaga

Jama'a, ku saurari jumlolin Larabcin nan uku. Abdullahi ƙa'imun. Inna Abdallaha ƙa'imun. Inna Abdallaha la-ƙa'imun. Duk ukun cewa suke yi Abdullahi yana tsaye.

An ruwaito cewa a ƙarni na 9, masanin falsafa Alkindi ya je wurin malamin nahawu Abul Abbas da waɗannan jumloli, ya ce shi fa yana ganin cushe a maganar Larabawa, lafazi ya yi yawa, ma'ana ɗaya. Malam ya ce a'a. Ta farko labari ce kawai. Ta biyu amsa ce ga mai tambaya. Ta uku kuwa, da aka ƙara mata lamun, wato "la" ɗin nan na ƙarfafa magana, ga mai musu ake faɗinta. Mu ma haka muke yi. "Audu ya zo" daban, "lalle Audu ya zo" daban, kuma sai an ƙaryata ka za ka kai ga "wallahi Audu ya zo."

To ina nahawu a nan? Shi zai ce maka ukun sun inganta, ya nuna maka mubtada (wanda ake magana a kansa) da habar (abin da aka faɗa a kansa), ya faɗi abin da ya sa sunan ya ɗauki fataha bayan inna. Tambayar da ta rage wa balaga, ilimin dacewar magana da yanayin da aka faɗe ta, ita ce, a cikin ingantattun nan, me ya sa mai magana ya zaɓi wannan?

Babban malamin nahawu Sibawaihi, wanda ya rasu wajen 796, ya ɗan taɓo zancen. Ya ce Larabawa kan gabatar da abin da ya fi muhimmanci a wurinsu. Sai a ƙarni na 11 Abdulƙahir Aljurjani ya ce wannan amsar ba ta ƙosar ba. Muhimmi ta wace fuska? Shi kansa ba baƙo ba ne a nahawu, can ya fara yin suna. A littafinsa Dala'ilul I'ijaz ya kafa abin da ya kira nazmu: kalma ita kaɗai ba ta da fifiko a kan 'yar'uwarta, kyan magana yana fitowa ne daga yadda aka jera kalmomi bisa ma'anonin nahawu.

Ku duba Fatiha. "Iyyaka na'abudu." Da an ce "na'abuduka", nahawu ba zai ce uffan ba. Amma "muna bauta maka" bai kore wani ba, "Kai muke bauta wa" ya rufe ƙofa. Abin da ya sauya kurum shi ne, maf'uli, wato wanda aikin ya faɗa wa, ya dawo gaba.

Daga baya Sakkaki, wanda ya rasu a 1229, ya tsara wannan fanni da sunan ilimin ma'ani, wani reshe na balaga, aka yi masa babi-babi. Shi ya sa a zaurukanmu almajiri kan sha Ajurumiyya da Alfiyya na nahawu, sannan ya isa Jauharul Maknun na balaga, har ya ɗauka ya shiga wata duniya dabam. A ganina rabuwar nan ta sauƙaƙa hadda, amma ta ɗan ɓoye zumuncin.

Ku buɗe Yasin. Da mutanen gari suka ƙaryata manzanni, sai manzannin suka ce: "inna ilaikum mursalun," wato lalle mu an aiko mu zuwa gare ku. Mutanen suka sake yin musu. A aya ta 16 amsa ta dawo da "Rabbuna ya'alamu" (Ubangijinmu Ya sani) a gaba, ga kuma lamun nan: "inna ilaikum la-mursalun."