Sandar Giyar Otomatik Ta Yi Tauri? Kada Ka Yi Saurin Sauke Giyabos

Assalamu alaikum, masu kallo. Yau maganarmu a kan tsofaffin jif ne masu giyar otomatik, irin su Land Cruiser 80 da Toyota ta ƙera daga 1990 zuwa 1997, da Jeep Cherokee ta wancan zamani, da Discovery ta biyu ta kamfanin Land Rover. Motoci ne masu ƙarko. Amma in shekaru suka ja, sandar giyar da a da yatsu biyu ke jan ta, sai ta koma sai direba ya sa ƙarfi kafin ta motsa. Abin da ke damuna shi ne saurin da ake yi a ce giyabos ya mutu, a sauke shi, mai mota ya kashe kuɗi mai yawa. Sau da yawa giyabos ɗin lafiyarsa lau, ciwon yana kan hanyar da ke tsakanin hannunka da shi.

A mota mai otomatik, sandar nan ba ita ke saka giya ba. Aikinta kawai ta juya wani ɗan hannun ƙarfe da ke gefen giyabos, shi kuma ya tura bawul ɗin da ke raba wa man giya hanya. Aiki ne mara nauyi. Don haka in ka ji nauyi, wani abu ne ya cije, kuma ƙarfi ba zai gyara shi ba, sai dai ya karya maka roba ko ya tsinka kebul.

Ka fara tambayar kanka: yaushe take taurin? In daga P kaɗai take ƙin fita, taka birki ka sa wani ya duba maka fitilun baya. In ba su kama ba, duba fiyus da makunnin da ke saman fedar birki, domin a motoci da yawa shi ne ke ba makullin sandar izinin sakewa. In kuma sai ka yi fakin a gangare take cijewa, nauyin motar ne ya hau kan ɗan haƙorin da ke kulle giyabos. A ɗan tura motar sama kaɗan za ta saku. Daga yau, ka riƙa jan birkin hannu kafin ka sa P.

Amma in taurin yana ko'ina, daga P har zuwa L, to sai an shiga ƙarƙashi.

Don Allah, a nan a nutsu. Ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, kashe injin, ja birkin hannu, sa waigi gaba da bayan taya. Da zarar ka fitar da hannun giyabos daga P, babu abin da ke riƙe da motar sai birkin hannu da waigin nan, kai kuma kana kwance a ƙasanta. Ka bar salansa ta huce. In ka ɗaga motar, kada ka amince wa jek shi kaɗai, sai da madogarar ƙarfe.

To, ga gefen giyabos. Wannan shi ne hannun da nake faɗa. A Land Cruiser 80, siririn ƙarfe ne ya haɗa shi da sandar da ke cikin mota. A Cherokee da Discovery kuwa kebul ne. Kafin ka taɓa komai, ɗauki hoto da wayarka, ka sa alama da fenti a inda notin yake zaune. Sannan ka cire mahaɗin. Wannan cirewar ita ce rabin gyaran, domin yanzu ka raba sama da ƙasa, kowanne zai faɗi gaskiyarsa.

Kama hannun giyabos ɗin ka juya. Mai lafiya za ka ji yana faɗawa ɗaya bayan ɗaya, ƙas, ƙas, ƙas, ba tare da wahala ba. In ya yi haka, ka huta da tunanin giyabos. In kuwa shi ne ya cije, har yanzu ba a kai ga sauke shi ba. Dubi wannan makunnin da aka zura a kan sandar hannun. Shi ke hana mota tashi sai a P ko N, shi ke kunna fitilar ribas. Giris ɗin cikinsa yana bushewa, tsatsa kuma tana kama shi da sandar. Sa alama a mazauninsa, fesa mai sassauta tsatsa, ba shi lokaci ya ratsa, ka zare shi a hankali. Kada ka buga da guduma. In bayan an cire shi hannun bai saku ba, a nan ne kawai ya dace a kira ƙwararren bakaniken giya.

Yanzu mu koma sama. Shiga mota ka ja sandar, tana nan ba a haɗe da giyabos ba. In har yanzu da nauyi, cire murfin tsakiya, ka cire ɗaya bakin kebul ɗin, ka sake gwadawa.

Kebul ɗin nan shi ya fi ba da wahala, kuma dalilin a fili yake. Motar daji ce. Da damina tana ratsa kwari da taɓo, da hunturu tana shaƙar ƙura. A bakin kebul akwai 'yar rigar roba mai lanƙwashe-lanƙwashe, kalle ta nan, ta tsage. Ta wannan tsagar ruwa da yashi ke shiga, su zauna, wayar ciki ta yi tsatsa ta kumbura. Bi shi da hannu daga farko har ƙarshe. Nemi inda ya karye kwana, da inda ya kwanta kusa da salansa har rigarsa ta narke. Akwai kuma abin da mutane da yawa ba su lura da shi: in wayar as da ke haɗa injin da jikin mota ta tsinke ko ta yi tsatsa, wutar sitata tana iya bi ta kebul ɗin giya, ta dafa robar cikinsa. Ka sa sabo, ba a jima ba shi ma ya lalace. Saboda haka duba wayar nan, ka duba kujerun injin da na giyabos, domin in sun fashe komai yana karkacewa.

Kebul da datti kawai ya kama, ana iya rataye shi a ɗiga masa mai, a yi ta zuga shi har ya saku. Amma wanda wayarsa ta fara warwarewa ko robarsa ta narke, ni dai shawarata a canza shi. Tsinkewarsa a tsakiyar daji ba ƙaramar wahala ba ce. In za ka Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, tafi da tsohon a hannunka a gwada tsayi da bakuna.

In sandar kanta ce, kwance gindinta. Za ka tarar da tsohon giris ya haɗu da ƙura ya daskare kamar ƙanzon tuwo, wani lokaci har da lemon da ya taɓa zubewa. Kankare shi, wanke ƙarfen da kananzir, goge tsatsar, canza bushin ɗin roba in sun ci. Sannan ka shafa farin giris ko na silikon. Man fesawa irin WD-40 na sassautawa ne, ba ya daɗewa. Baƙin mai kuma ƙura kawai zai tara maka.

Wajen mayarwa, a tsarin Toyota, tura hannun giyabos har ƙarshe ɓangaren P, ka dawo da shi taki biyu. Ka iso N ke nan. Sa sandar ciki ita ma a N, wani ya ɗan danna ta kaɗan wajen R, kai kuma ka ɗaure notin. Kafin ka cire waigi, taka birki ka gwada: motar ta tashi a P da N kaɗai, ta ƙi tashi a D da R, fitilar ribas ta kama a R. In ɗaya daga cikinsu bai yi daidai ba, sassauta notin ka sake saiti kafin ka hau titi.