Yadda ake sa wa babbar sifika taya

Assalamu alaikum jama'a, barkanku da war haka. Yau sifikar wani bawan Allah ce daga Mabera anka kawo min. Ya ce duk ranar da za a share falo sai an kira samari biyu su ɗaga ta, ga shi har ta karce mishi tayil. Nauyin nan da kuke ji maganaɗisun da ke ciki ne da katakon akwatin.

To ga tayu huɗu, 'yan inci 2. Ku lura, na roba mai taushi ne. Ni ba na son na leda mai tauri, da duma, wato sautin nan mai kauri, ta tashi sai ka ji suna karkarwa bisa tayil, kar-kar-kar. Biyu masu birki, biyu babu. Masu birkin gaba za su zauna, inda ƙafarka za ta kai.

Yanzu ga inda nike son ku natsu. Kada ka ɗaura taya a jikin akwatin kai tsaye. Akasarin akwatunan nan da garin katako anka matse su, kaurinsu bai wuce milimita 15 zuwa 18 ba. Farkon fara aikina na taɓa sa sukuru mai tsawo, ya huda ya shige ciki. Wallahi da munka kunna, iska na fita ta ramin, dumar ta mutu, sai wani huci kake ji. Kwana biyu ina neman matsalar cikin waya, ashe ni na yi ɓarnar da hannuna. Tun daga ranar nike yanka falawud daban, mai milimita 18, in ƙara yatsa biyu kowane gefe bisa awon ƙasan akwatin, tayun su zauna jikinshi. Sifikar a bisa kawai za ta hau.

Yaro, miƙo min ɗan ƙaramin bakin dirili. A'a, ba wanga ba, siririn. Ka fara huda ɗan rami kafin sukuru ya shiga, in ba haka ba katakon tsagewa zai yi. Sukurun kuma... tsaya, wanga ya yi tsawo, zai leƙo ta sama. Bari in canza. Yawwa. Shimfiɗa guntun tsohuwar tuf ɗin mota a bisa, ta riƙe akwatin kada ya zame.

Sauran aikin shi ne ɗaure tayun huɗu jikin falawud ɗin da sukuru.

Wurin ajiyewa kuma, mutanenmu na son cusa sifika cikin lungu. Lungu ƙara duma yake yi har magana ta dushe, kana sauraren karatu ko labarai ba ka rarrabe kalma. Jawo ta kamu biyu daga bango, musamman in ramin iskarta a baya yake. In sifika biyu ne, tazarar da ke tsakaninsu ta yi daidai da tazararka da kowace. Mu nan Sakkwato da yawa bisa kafet muke zama, to kada ka ɗora ta kan tebur, ƙaramar sifikar sama ita ce ake son ta fuskanci kunnenka. Kuma ka bar wa waya rara, kada ka tura sifikar wayar ta fizge daga amfilifaya.

Lokacin hunturu ƙura da zaren kafet na cika bakin tayun, ka riƙa kakkaɓewa. Mai son a yi mishi, shagona na nan kusa da babbar kasuwa, ya taho da awon ƙasan akwatin kawai, ba sai ya ɗauko sifikar ba. Ga shi nan, da yatsa ɗaya nike tura ta. Taka birkin, ta tsaya.