Sharhi: Ina kuɗin karatun digiri na biyu a ƙasar waje?

Jama'a masu sauraro, a Kaduna da Zariya da Kafanchan akwai matasa da ke riƙe da takardar samun gurbin karatu daga jami'o'in Ingila, amma kuɗin tafiya ya gagara. Yawanci sai da gurbi ya samu suka fara neman tallafi, alhali shiri yana farawa ne shekara guda kafin tafiya. Tun ran gini tun ran zane.

Mu ɗauki Chevening, tallafin gwamnatin Birtaniya na digiri na biyu na shekara ɗaya. Yana biyan kuɗin makaranta da na jirgi da alawus na wata-wata. Sai dai yana neman shaidar aiki na shekara biyu, wato sa'o'i 2,800, kuma mai nema zai zaɓi kwasa-kwasai uku, ya samu gurbi marar sharaɗi a ɗaya. Bayan kammalawa dole ya dawo gida na aƙalla shekara biyu. Ana buɗe rajista a watan Agusta, kuma kyauta ce. Duk wanda ya nemi kuɗi don ya "saka sunanka", ɗan damfara ne.

Akwai kuma tallafin Commonwealth na ƙasashe renon Ingila, da na DAAD, hukumar musayar ɗalibai ta Jamus, da na PTDF, asusun gwamnatin Najeriya ga masu fannin man fetur da makamashi, da tallafin Bankin Raya Ƙasashen Musulmi.

Takardu ne ke kayar da mutane. Cikakken sakamakon jarrabawa daga jami'a kan ɗauki watanni kafin ya fito, don haka a nema da wuri. Sakamakon IELTS, jarrabawar ƙwarewa a Turanci, shekara biyu kawai yake aiki. Malamin da zai rubuta wasiƙar shaida, a je masa wata biyu kafin rufewa, a miƙa masa bayanin kwas ɗin a hannu. Wasiƙar da aka rubuta a daren ƙarshe, masu tantancewa suna gane ta.

A kula da rabin tallafi. Jami'a za ta yafe kashi 30 ko 50 na kuɗin makaranta, iyaye su yi murna su sayar da fili, sannan haya da abinci da inshorar lafiya su taso. Ko a Jamus, inda yawancin jami'o'in gwamnati ba sa karɓar kuɗin karatu, sai ɗalibi ya nuna kuɗi a asusu na musamman (Yuro 11,904 a 2025) kafin a ba shi biza.

Batun bashi kuwa, muna jan kunne. NELFUND, asusun ba ɗalibai rance na gwamnatin tarayya, na ɗaliban manyan makarantun gwamnati ne a cikin gida, ba ya kai kowa waje. Kamfanonin waje da ke ba da rance kuwa, da dala suke bayarwa, da kuɗin ruwa, wanda ga Musulmi matsala ce tun daga tushe. A farkon 2023 dala tana wajen Naira 460 a farashin gwamnati. A 2024 ta haura 1,500. Wanda ya ci bashin dala yana karɓar albashi da naira, nauyinsa ya ninka sau uku ba tare da ya ƙara karɓar ko sisi ba.