Darasi: Shimfiɗa faiba a jikin ƙaramin jirgin sama, ba nauyi ba yoyo

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Yau kan faiba za mu zauna, wato ƙyallen zaren gilashi da ake jiƙawa da gam ya ƙame, irin wadda ake gina jikin ƙananan jirage da ita. Wannan salon na a fere soso mai tauri marar nauyi a lulluɓe shi da ƙyallen zaren gilashi, wani maƙerin jirage Burt Rutan ne ya yaɗa shi daga Mojave ta Amurka da jirginsa VariEze a 1975, har mutane suka riƙa haɗawa a garejin gidajensu.

To ku matso ku gani. Duk rikicin aikin nan a kan gam ɗin epoxy yake, in ya yi yawa jirgi ya yi nauyi a banza don ƙarfin a zare yake ba a gam ba, in kuma ka matse shi da yawa sai ya bar 'yan ƙofofi kamar hujin allura, ido ba ya ganinsu amma ruwa ko fetur zai gano su.

Shi ya sa nake fara ɗora ƙyallen a sikeli. Wannan giram 200 ne, kenan gam ma wajen giram 200 zan dama, a aikin hannu kusan kunnen doki ake so. Don Allah a sa safar hannu, epoxy in ya saba taɓa fata wata rana ƙaiƙayi zai taso, wasu har barin sana'ar suke yi.

Kafin ƙyalle, kun ga fuskar soson nan duk ramuka ce? In ka zuba gam tsura shanyewa zai yi. Sai ka dama shi da wannan farin garin, ƙananan ƙwallayen gilashi ne masu iska a ciki, ya yi kauri kamar kunu, ka shafe ramukan. Yanzu na shimfiɗa ƙyallen a karkace, digiri 45, ina jan gam da wannan robar daga tsakiya zuwa baki, a hankali, kar zaren ya goce. Inda ya yi fari bai sha ba, a ƙara masa gam. Inda yake ƙyalli kamar an zuba mai, ya yi yawa, a janye.

Amma fa cikin tankin mai ko ƙasan jirgin da ke sauka a ruwa, nan ba na rowa, ina barin shi jiƙe shakaf, gara 'yan giram ɗin nan da yoyo. Kuma kar a kusantar da farin soson kwalin firij da fetur, narkar da shi yake yi, soson PVC, wani nau'in roba da fetur ba ya narkarwa, ake sawa a tanki.

Masu kallo daga Sakkwato ko Maraɗi, a zafin bazara gam zai iya ɗaukar zafi ya daskare a kofi kafin ka gama, ku dama kaɗan kaɗan, da sassafe.

Gobe in ya bushe zan bi shi da kwabo ina ƙwanƙwasawa, inda ya yi ƙara ras ya kama, inda ya yi dum akwai iska a ƙasa, sai mun kankare mun sake. Bari in wanke robar nan kafin ta ƙame.