Lacca: Kyandir Da Mai Cire Haƙori A Tsoffin Zanen Turai

Assalamu alaikum. Toh jama'a a ɗan matso gaba dan wannan hoton sai an ƙura masa ido. Aikin Gerrit van Honthorst ne, mutumin Utrecht a ƙasar Holan, ya zana shi a 1622, yanzu haka yana gidan adana zane na Dresden a Jamus. A Italiya har laƙabi suka sa masa, wai Gherardo na dare, saboda son zanen duhu da kyandir.

Ku duba, ɗaki duhu dunɗum, kyandir ɗaya tal, kuma ina hasken ya sauka? Kan bakin mai ciwon da goshinsa da ya yamutse. Mai zanen ya ɗaure idonka ne ya ja shi inda yake so kamar akuya. An riƙe wa bawan Allah hannu, 'yan kallo sun leƙo kamar ana rabon kyauta, shi ko mai cirewar ko a jikinsa, kuma ku tuna fa lokacin babu maganin sa barci a yi aiki, sai 1846 wani likitan haƙori William Morton ya gwada shi gaban jama'a a Boston. Duk wanda ciwon haƙori ya taɓa hana shi barci ya san me fuskar nan take cewa.

Amma ni a ganina ba tausayi kaɗai ake so mu ji ba, akwai zolaya a ciki. Masu wannan sana'ar da yawa 'yan bin kasuwa kasuwa ne, wasu wanzamai ne irin namu, aski da ƙaho da cire haƙori duk hannu ɗaya, kuma mutane basu yarda dasu ba sam. A zanen Lucas van Leyden na 1523, mutum ya wage baki ana masa aiki, wata mata a bayansa ta zura hannu a jakar kuɗinsa, wato ciwo biyu kenan amma ɗaya kawai yake ji. Jan Steen kuma a 1651 ya zana yaro yana ta mutsu mutsu a hannun mai cirewa, ga wata takardar shaida da hatimi an baje kan ganga dan a ruɗi 'yan ƙauye. Faransawa har gobe in mutum ya cika ƙarya cewa suke yana ƙarya kamar mai cire haƙori, 'yan uwanmu na Nijar da suka yi boko sun san maganar.

Malam ɗan rage mana fitilar nan, mu koma kan na Honthorst, wannan karon ku bar bakin, ku bi hannaye ɗaya bayan ɗaya.