Amsoshin Tambayoyinku: Wa Ke Zaɓa Maka Abokin Wasa a Intanet?

Masu sauraro, barkanmu da warhaka. Wani mai sauraronmu daga Agege ya rubuto yana tambaya cewa, mene ne bambanci tsakanin wasannin bidiyo da kwamfuta ke haɗa mutum da abokan karawa da kanta, da waɗanda mutum ke zaɓar sabar da zai shiga, kuma wanne ya fi dacewa da mu a nan Legas?

To Malam, sabar dai kwamfuta ce da aka keɓe domin ta riƙe wasan, tana karɓar motsin kowane ɗan wasa tana rarraba wa sauran. A zamanin wasan Quake, wanda ya fito a 1996, da Counter-Strike da ya biyo baya a 1999, duk mai hali yana iya buɗe tasa sabar, ya kafa dokokinsa, ya kori mai maguɗi ko mai zagi. Masu zuwa kullum sukan san juna, tamkar 'yan majalisar ƙofar gida. Matsalarta ita ce sabon shiga yakan faɗa hannun gwanaye, su yi ta lallasa shi har ya fid da rai.

Wannan ne tsarin haɗa 'yan wasa ya zo ya magance. Wasan Halo 2 ne ya yaɗa shi a 2004, sannan Microsoft ya fito da ma'aunin ƙwarewa mai suna TrueSkill, wanda ya yi kama da ma'aunin Elo na wasan ces. Kana danna maɓalli, na'ura za ta nemo maka tsaranka. Amma fa iko ya koma hannun kamfani, shi ya sa aka yi ta ƙorafi a 2009 lokacin da wasan Modern Warfare 2 ya hana masu kwamfuta buɗe sabar kansu.

Sai wata mai sauraro daga Idi-Araba da ke tambayar dalilin da ya sa ake harbe ta a cikin wasa kafin ma ta ga abokin gaba, alhali intanet ɗinta na da ƙarfi. Malama, nisa ne ya jawo. Saƙo a cikin wayar gilashi mai ɗaukar intanet yana tafiyar kusan kilomita 200,000 a daƙiƙa, kuma wayar MainOne da ta taso daga Fotugal ta ƙarƙashin teku zuwa Legas ta kai kimanin kilomita 7,000, don haka zuwa da dawowa kaɗai na cinye milisakan 70 (milisakan dubu ne ke yin daƙiƙa ɗaya), tun kafin a lissafa cunkoson layi. Idan kamfani ya ajiye sabarsa a Turai ko Afirka ta Kudu, komai kyawun tsarin haɗin, ɗan ƙasar can zai riga ki gani, ya riga ki harbi.

Saboda haka a ganina, duk da cewa tsarin haɗin ya fi tausaya wa mai koyo, mu a nan mun fi buƙatar wasannin da suka bar ƙofa a buɗe, irin su Minecraft da Counter-Strike 2, domin matasan Agege da Idi-Araba na iya haɗa kuɗi su kama hayar sabar a wata cibiyar adana bayanai da ke cikin Legas. Kafin ku biya, ku tambayi mai hayar ko yana haɗe da IXPN, wato mahaɗar intanet ta Nijeriya, don kada saƙonku ya zagaya ta Landan kafin ya iso Ikeja.