Sharhi: Yaƙin da Kunne Ba Ya Ji

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Mazauna Mando da Kawo a nan Kaduna sun saba da rugugin jiragen sojin sama. Amma akwai yaƙin da jirgi ke yi wanda kunne ba ya ji, wato gumurzunsa da na'urar rada.

Rada tana harba igiyar rediyo ne sama, ta bugi jikin jirgi ta dawo, kamar amsa-kuwwa a gindin dutse. Da jinkirin dawowarta ake auna nisan jirgin, sai a saita masa makami mai linzami. Na'urar rikita rada kuwa aikinta ta ɓata wannan amsa. Wata takan cika radar da hayaniya, sai radar ta zama tamkar mai kiran ɗansa a tsakiyar Kasuwar Barci. Wata ta fi wayo: ta cafke igiyar, ta haddace ta, ta mayar da ita a makare, sai mai lura da rada ya ga jirgi inda babu jirgi, ko ya ga biyar alhali ɗaya ne.

Dabarar ba ta yau ba ce. A watan Yulin 1943 jiragen Ingila sun watsa siraran yankan alminiyam a samaniyar Hamburg, radar Jamus ta dimauce. Yanzu Amurka har jirgi ta ware domin wannan aiki, EA-18G Growler.

Wani zai ce ina ruwanmu, ai 'yan bindigar daji ba su da rada. Gaskiya ne, jirgin yaƙinmu samfurin Alpha Jet da aka kakkaɓo a Zamfara a Yulin 2021 harsashi ne ya same shi, kuma babu na'urar da ke rikita harsashi. Sai dai ba don abokin gabar yau kaɗai ake gina rundunar sama ba.

Abin da ke damuna shi ne, ƙarfen ana sayensa da kuɗi, amma kowace rada da irin muryarta, wato salon igiyar da take harbawa, dole a tattara muryoyin a loda wa na'urar, a riƙa sabunta su. Wanda ya sayar maka ba lallai ya ba ka wannan sirri duka ba, ga shi ran wanka ba a ɓoyon cibi.

A nan Kaduna aka ƙaddamar da Tsaigumi, jirgi marar matuƙi ƙirar gida, a Fabrairun 2018. Kwalejin fasaha ta sojin sama, AFIT, tana nan Mando. A ba injiniyoyinta ɗakunan gwaji da kuɗin bincike mai ɗorewa, 'ya'yanmu su koyi karanta muryar rada da kansu.